Mai Sayar da Gahawa: Fina-finan Lindsay Anderson da Tafiyarsa Birnin Guangzhou

Duk ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya taɓa zuwa saro kaya ƙasar Sin ya san Guangzhou, birnin da Turawa suka daɗe suna kira Canton. Yana can kudancin ƙasar a bakin Kogin Lu'ulu'u, kimanin kilomita 120 daga Hong Kong. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin watan Afrilu na shekarar 1985 wani dattijo mai shirya fina-finai daga Ingila ya sauka a wannan birni da ma'aikatansa da na'urorin ɗaukar hoto, yana biye da waɗansu samari biyu mawaƙa. An ɗauke shi ne don ya yi musu fim ɗin da zai ƙara musu suna. Shi kuwa ya yi wani abu dabam, aka sallame shi, aka ba waɗansu aikin suka sake yanka shi, nasa fim ɗin kuma ba a kai shi gidajen silima ba. Sunan dattijon Lindsay Anderson. Wanda ya san irin fina-finan da ya yi kafin wannan tafiya ba zai yi mamakin yadda ta ƙare ba. Abin mamakin ma shi ne yadda aka yi tun farko wani ya ga ya dace a ɗauke shi.

An haifi Anderson a Bangalore ta ƙasar Indiya ran 17 ga Afrilu, 1923, lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Ubansa hafsan soja ne. Watau shi ɗan gidan masu mulkin mallaka ne, kuma tarbiyyarsu ya samu: aka kai shi Kwalejin Cheltenham, ɗaya daga cikin makarantun kwana na 'ya'yan masu hali, irin waɗanda razdan da di'o na Jihar Arewa da yawa suka fito daga cikinsu. Daga nan ya wuce Jami'ar Oxford, inda shi da abokansa suka riƙa buga wata mujallar sharhin fina-finai mai suna Sequence. A shekarar 1956 shi da Karel Reisz da Tony Richardson da Lorenza Mazzetti suka fara nuna gajerun fina-finansu a London a ƙarƙashin sunan Free Cinema, watau silima mai 'yanci. Ƙorafinsu shi ne fina-finan Ingila na lokacin ba su san kowa ba sai masu kuɗi da hafsoshi, talaka kuwa in ya fito to bara ne ko abin dariya. Su sai suka ɗauki na'ura suka shiga kasuwa da wuraren wasan talakawa suna ɗaukar 'yan dako da masu sayar da kayan lambu.

Manyan fina-finansa na ba'a guda uku ne, duka David Sherwin ne ya rubuta su, duka kuma Malcolm McDowell ne ya fito a cikinsu da suna Mick Travis. Biyu na farko wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa ne ya shirya su, Memorial Enterprises, wanda 'yan wasa biyu, Albert Finney da Michael Medwin, suka kafa. Amma fa a lura, 'yancin nan yana da iyaka, domin kuɗin aikin da hanyar rarraba fim ɗin daga manyan kamfanonin Amurka suka zo, Paramount a na farko, Warner a na biyu. Mai zagin jari-hujja da kuɗin 'yan jari-hujja yake zagin, kuma Anderson ya san haka sarai.

Na farkon shi ne if.... na shekarar 1968, wanda aka ɗauki yawancinsa a tsohuwar makarantarsa ta Cheltenham. Labarin ɗalibai uku ne da suka gaji da bulala da wulaƙancin manyan ɗalibai, a ƙarshe suka hau rufin makaranta ranar babban biki suka buɗe wuta a kan malamai da iyaye da manyan baƙi. Fim ɗin yana farawa kamar labarin gaskiya, sai a hankali ya riƙa zamewa zuwa mafarki ba tare da ya gaya wa mai kallo ba. An harbe limamin cocin makarantar, an soke shi da banati, amma jim kaɗan sai ga shugaban makaranta ya jawo wata ƙatuwar aljihun tebur a ofishinsa, ga liman kwance a ciki da ransa, ya tashi zaune ya karɓi haƙurin yaran, aka mai da shi aka rufe. Ba wanda ya yi mamaki a cikin ɗakin. Waƙar da Mick yake yawan sawa a ɗakinsa kuwa ta wata ƙungiyar mawaƙan coci ce ta ƙasar Kwango. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1969.

Na biyu, O Lucky Man! na shekarar 1973, wanda za a iya fassara sunansa da "kai, mai sa'a", shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Tsawonsa ya kai kusan sa'a uku. Asalin labarin daga McDowell ya fito, domin shi kansa ya yi aikin yawon tallar gahawa a arewacin Ingila kafin ya zama ɗan wasa.

Fim ɗin yana buɗewa da wani ɗan gajeren wasa marar magana, baƙi da fari, irin na zamanin majigi: wani talaka a gonar gahawa ta wata ƙasa mai zafi ya saci 'yan ƙwayoyi kaɗan, alƙali ya yanke hukunci a sare masa hannuwa. Daga nan sai a tsallako Ingila, zuwa masana'antar kamfanin Imperial Coffee, inda ake koya wa sababbin 'yan talla sana'a. Babban darasin shi ne murmushi. Wata jami'ar kamfanin tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana auna murmushinsu, na Mick ya fi na kowa, saboda haka shi aka ba yankin arewa maso gabas. A cikin masana'antar nan ne Mick yake tsokanar wata ma'aikaciya da cewa ko ta lura gahawar Nijeriya da suke ƙunshewa Nijeriya za a mai da ita a sayar. Magana ce ta daƙiƙa kaɗan, an faɗe ta cikin wasa, amma duk wanda ya ga dalar gyaɗa a Kano, ko ya ga auduga ta tafi Ingila a jirgin ruwa ta dawo atamfa, ya san abin da ake nufi.

Daga nan sai bala'i ya riƙa bin bala'i, shi kuwa Mick yana ganin kowanne sa'a ce. Ya tarar 'yan sanda suna kwasar kayan waɗanda suka yi haɗarin mota. Ya tarar manyan gari, har da shugaban 'yan sanda, a wani ɗakin sheƙe aya na ɓoye. Wani tsohon tela a masaukinsa ya ba shi kwat mai ƙyallin zinariya. Ya ɓata hanya ya faɗa wani sansanin gwajin makamai na asiri, aka ɗaure shi a kujera ana gana masa azaba don ya amsa laifin da bai sani ba, a tsakiyar azabar kuwa sai ga mai sayar da shayi ta turo kekenta, masu azabtarwa suka dakata suka sha, aka kuma nemi kuɗin shayi. Wannan shi ne salon Anderson: mugunta da ladabin Ingilishi a ɗaki ɗaya, ba wanda ya hana wani aikinsa. Sansanin ya kama wuta, Mick ya tsira, ya sayar da kansa ga wani asibitin bincike don a yi gwaji a jikinsa, cikin dare ya ɗaga bargon wani majiyyaci ya tarar an ɗora kan mutum a jikin dabba mai ƙafa huɗu. Ya dira ta taga. Wata ƙungiyar makaɗa ta rage masa hanya zuwa London, a cikinsu akwai wata yarinya Patricia, wadda Helen Mirren ta fito a matsayinta, ubanta kuwa attajiri ne, Sir James Burgess. Mick ya kutsa har ya zama ɗan aiken attajirin, bayan wanda yake riƙe da muƙamin ya faɗo daga tagar bene a gabansa. Ba da daɗewa ba aka kama shi da jakar zinariyar maigidansa, maigidan ya ce bai san zancen ba, aka ɗaure Mick shekara 5.

Ya fito daga kurkuku ya zama mutumin kirki mai son bil Adama, abin da ya fi komai ban dariya da ban tausayi a fim ɗin. Ya yi ƙoƙarin hana wata matar aure da talauci ya ishe ta kashe kanta, yana karanta mata kalaman hikima, bai yi nasara ba. Ya kai wa mabarata miya yana kiransu 'yan'uwa, suka jefe shi. A ƙarshe ya shiga layin masu neman fitowa a wani fim, mai shirya fim ɗin kuwa Lindsay Anderson ne da kansa. Ya ce wa Mick ya yi murmushi. Mick ya ce don me, mene ne abin murmushi a duniyar nan? Suka yi ta ja-in-ja, sai Anderson ya ɗauki takardun labarin fim ya kwaɗa masa a fuska. Bakin Mick ya fara motsi. Masu sharhi sun daɗe suna gardama a kan wannan murmushi, ko na wanda ya farka ne ko na wanda ya sallama. Tun da darasin farko na kamfanin gahawa ma murmushi ne, fassara ta biyu ta fi ƙarfi, ko da yake fim ɗin ya rufe da rawa da kiɗa na dukan 'yan wasan.

Turawa sukan kwatanta wannan labari da Candide na Voltaire, littafin Faransanci na shekarar 1759 a kan saurayi mai kyakkyawan zato da duniya ta yi ta wanawa. Mai karatun Hausa ba sai ya je Faransa ba. Ya san Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda matafiyi yake fita daga wannan gari ya faɗa wancan, kowane gari da irin tsiyarsa, kuma duk inda ya je sai ya sake cin karo da Malam Zurƙe. Anderson ya yi irin wannan da gangan: ɗan wasa ɗaya yakan fito a matsayin mutum biyu ko uku. Ralph Richardson shi ne tela mai kyauta, shi ne kuma attajiri marar imani. Rachel Roberts ita ce mai koyar da murmushi, ita ce kuma matar da ta kashe kanta. Mai kallo yakan ji kamar fuskokin nan sun kewaye shi, ya gudu daga hannun wani ya faɗa hannunsa a wata riga. Sa'an nan akwai Alan Price, tsohon makaɗin ƙungiyar The Animals, wanda ake yanke labari a nuna shi da mutanensa suna waƙa a kan abin da ya faru, kamar yadda maroƙi yake tsoma baki a tsakiyar taro. Waƙoƙin nan sun samo masa kyautar hukumar fina-finan Ingila.

Me ya sa mai son faɗin gaskiya game da ƙasarsa zai bi ta hanyar abin da hankali ba zai ɗauka ba? Hausawa sun san amsar tun kafin a ƙago silima. Ɗan kama yakan yi shigar malami ya riƙa karatu da sunayen abinci, jama'a su yi dariya, amma kowa ya gane kwaɗayin wa ake nufi. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu. Yara masu tashe da azumi sukan yi shigar tsoho ko malami ko mai gari su faɗi abin da babba ba zai faɗa ba. Ƙarin gishirin shi ne lasisin. In an nuna jami'i yana cin hanci kamar yadda yake ci, sai a ce ai wannan mutum ɗaya ne. In an nuna liman a cikin aljihun tebur, ba sauran zancen mutum ɗaya, an nuna matsayin da addini yake da shi a wannan makaranta, watau kayan aiki ne da ake jawowa in ana bukata.

Akwai wani sashe na fim ɗin da ya shafi Afirka kai tsaye, kuma a nan yabo da suka suka haɗu. Sir James yana ƙulla ciniki da shugaban wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Zingara, Dakta Munda. Ana nuna wa attajirin fim ɗin talla na ƙasar: ga ma'aikata masu arha, ga rangwamen haraji, ba fargabar yajin aiki. Abin da shugaban yake so a madadin haka shi ne wani makami mai ƙona jiki da ake yi wa laƙabi da "zuma", don ya gama da 'yan tawaye, wani sojan haya Bature yana bayanin amfaninsa, jami'an gwamnatin Ingila kuma suna sauƙaƙa hanya. An yi wannan fim shekara 3 bayan ƙarshen yaƙin basasar Nijeriya, lokacin da labarin sojojin haya a Kwango bai tsufa ba, kuma kaɗan ne daga fina-finan Ingila na zamanin suka faɗi wannan magana ƙarara haka. Amma wanda ya fito a matsayin Dakta Munda Bature ne, Arthur Lowe, an shafa masa baƙin fenti. Masu kare Anderson sun ce ai tsarin fim ɗin ke nan, Lowe ya riga ya fito a matsayin manajan kamfanin gahawa, saboda haka ana nuna cewa shugaban Zingara da manajan Ingila jirgi ɗaya ya kwaso su. Hujjar tana da ma'ana, amma ba ta wanke shi duka ba. Shafa wa Bature baƙi don a yi dariya tsohuwar al'ada ce ta wulaƙanta baƙar fata a dandalin Ingila da Amurka, kuma mutumin da ya ga aibin komai a ƙasarsa bai ga wannan ba. Lowe ya ci kyautar hukumar fina-finan Ingila saboda rawar da ya taka a fim ɗin.

Na ukun, Britannia Hospital na shekarar 1982, shi ya karya masa kasuwa. Asibiti ne mai bikin cika shekara 500, ana jiran baƙuwa daga gidan sarauta, ma'aikata suna yajin aiki, masu dafa abinci sun ƙi dafa wa majiyyata masu biyan kuɗi, masu zanga-zanga sun tare ƙofa saboda wani shugaban Afirka mai kama-karya yana kwance a ciki, wani likita kuma yana harhaɗa sabon mutum da gaɓoɓin gawawwaki. Tun a farkon fim ɗin an bar wani tsoho ya mutu a kan gadon turawa don ma'aikata suna hutu. Anderson bai bar kowa ba, da 'yan ƙwadago da masu sarauta da 'yan jarida da masana kimiyya. Fim ɗin ya fito daidai lokacin yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Ingila da Ajantina, jama'a suna cikin zafin kishin ƙasa, ba mai son a ce masa ƙasarsa asibitin mahaukata ce. Ya faɗi a kasuwa, samun kuɗin wani babban fim a Ingila kuma ya yi wa Anderson wuya.

A wannan hali yake sa'ad da aka zo masa da zancen ƙasar Sin. Mawaƙan nan biyu su ne George Michael da Andrew Ridgeley, masu ƙungiyar Wham!, ɗaya yana da shekara 21 ɗaya 22, alhali Anderson yana gab da cika 62. Manajansu, Simon Napier-Bell, ya shafe wata 18 yana zarya yana lallashin jami'an Sin su yarda yaransa su zama shahararriyar ƙungiyar kiɗan samarin Turai ta farko da za ta yi wasa a ƙasar. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa ba kasuwar Sin yake hari ba, so yake labarin ya cika talabijin na Amurka don a sayi faifansu a can. Hukumomin Sin kuma suna da tasu bukatar. Tun ƙarshen 1978 Deng Xiaoping ya fara buɗe ƙofar ƙasar ga masu jari na waje, kuma ana so duniya ta ga cewa da gaske ake, ko da yake a ƙarshen 1983 an yi wani gangami na yaƙi da abin da aka kira gurɓatar tunani daga Yamma. A watan Disamba na 1984 kuma Ingila da Sin suka sa hannu a yarjejeniyar mai da Hong Kong hannun Sin a 1997. Kowane ɓangare yana da abin da yake tallatawa, kowa kuma yana murmushi. Da Sherwin ne ya rubuta wannan labari da an ce ya cika ƙarin gishiri.

An yi wasan farko a Beijing ran 7 ga Afrilu, a zauren wasanni na ma'aikata, a gaban mutum fiye da 10,000 waɗanda aka umarta su zauna a kujerunsu. Bayan 'yan kwanaki aka sauko Guangzhou, aka yi na biyu a zauren tunawa da Sun Yat-sen, babban gini mai kusurwa takwas da rufin shuɗi wanda aka gama a 1931 don girmama jagoran juyin da ya kawo ƙarshen mulkin sarakunan Sin. Guangzhou ba Beijing ba ce. Mutanenta harshensu ɗaya da na Hong Kong, sun riga sun saba da kaset-kaset da rediyon can, tun 1957 ake yin babbar kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a garinsu, a 1984 kuma aka sa birnin cikin garuruwan bakin teku 14 da aka buɗe wa masu jari na waje. A kusa da su ne aka kafa yankin ciniki na musamman na Shenzhen a 1980, inda abin da ake jawo masu jari da shi ya haɗa da arhar ma'aikata da rangwamen haraji. Wanda ya shirya fim ɗin tallar Zingara shekara 12 kafin nan da wuya kunnensa bai tsinci waɗannan kalmomi ba, ko da yake sakamakon a Sin ya sha bamban ƙwarai da na Zingara.

Ga ɗan hafsan mulkin mallaka kuwa, babu birnin da ya fi wannan nauyin tarihi. Daga 1757 zuwa 1842 Canton ce kaɗai tashar da aka yarda Turawa su yi ciniki a cikinta. Ingilishi suna son ganyen shayi, Sinawa ba su son kayan Ingila, sai 'yan kasuwar Ingila suka riƙa shigo da ofiyom, ƙwaya mai sa maye da ake nomawa a Indiya. A 1839 wakilin sarkin Sin, Lin Zexu, ya ƙwace akwati kimanin 20,000 ya lalatar a Humen, a bakin kogin. Ingila ta aiko da jiragen yaƙi, aka gama da yarjejeniyar 1842 wadda ta ba ta tsibirin Hong Kong. Daga baya Ingila da Faransa suka mallaki ɗan tsibirin Shamian a cikin birnin, daga nan ne kuma sojojinsu suka harbe masu zanga-zanga fiye da 50 a watan Yuni na 1925. A kan wannan tsibiri aka buɗe katafaren otal ɗin White Swan a 1983 don saukar baƙi masu jari. Sir James Burgess ƙagaggen mutum ne, amma kakanninsa na gaskiya a nan suka yi arziki.

Anderson ya juya na'urarsa inda ya saba juya ta tun zamanin Free Cinema, watau wajen mutanen titi, da masu kallo, da liyafar jami'ai, da yadda baƙi da masu masauki suke duban juna ba su fahimci juna ba. Fim ɗin da ya haɗa ya sa masa suna If You Were There, ma'ana "da kana can". Ƙasar Sin ta fi yawa a cikinsa, waƙoƙi kaɗan ne. George Michael da manajojinsa ba su ji daɗinsa ba, kafin shekarar ta ƙare aka cire Anderson daga aikin. A yi musu adalci: su suka biya kuɗin, kuma fim ɗin mawaƙa suka yi oda. Wanda ya kira ɗan kama gidan biki bai kamata ya yi fushi in ya kwaikwayi ango ba, amma shi ma ɗan kaman ya san wanda ya gayyace shi. Aka sake yanka hotunan aka fitar da wani fim mai suna Foreign Skies, aka nuna shi a filin wasa na Wembley ran 28 ga Yuni, 1986, a gaban mutum 72,000, ranar wasan ban kwana na ƙungiyar.

Anderson ya tafi Amurka ya yi The Whales of August a 1987 da tsofaffin taurari biyu, Lillian Gish da Bette Davis, fim mai natsuwa wanda ba ba'a a cikinsa. Ya rasu a Faransa ran 30 ga Agusta, 1994. George Michael ya rasu ran 25 ga Disamba, 2016. Takardun Anderson da wasiƙunsa, har da kwafin fim ɗinsa na ƙasar Sin, an ajiye su a Jami'ar Stirling ta Sukotlan.

Birnin da ya ɗauka a 1985 kuwa ya zama wani abu dabam. Daga ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka fara kwarara cikinsa, Hausawa da Ibo da mutanen Mali da Gini, suka fi taruwa a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Ita Sanyuanli ƙauye ce a dā, inda manoma suka yi wa sojojin Ingila taron dangi a watan Mayu na 1841, ana tsakiyar yaƙin ofiyom. Daga kasuwannin wannan yanki aka riƙa loda yadi da atamfa masu zanen Afirka zuwa Kantin Kwari, a daidai shekarun da masaƙun Kaduna suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, har da Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin saƙa na Lancashire ta Ingila.